Sahun da Rabo Ya Ja a Jirgin Yanbu

In kana neman Rabo mai kafet a unguwar Ƙuba, kada ka wahalar da kanka da duban fuskoki, gwiwoyi za ka duba. Wanda ka ga wandonsa ya koɗe a gwiwa, sauran jikin wandon kuwa sabo fil, to shi ne. Ya haura shekara ashirin yana rarrafe a gidajen Madina da masallatanta, wuƙa a hannun dama, gwangwanin gam a hagu, har matarsa Hajo takan ce ita ba miji aka ba ta ba, jariri aka ba ta wanda ya rantse ba zai miƙe tsaye ba.

Mutumin Maraɗi ne. Ɗinkin katifa ya koya a gida, da ya zo nan ya koma shimfiɗar kafet a shagon wani Balarabe. Balaraben ya rasu, ɗansa Haisam ya gaji shagon, ya gaji Rabo a ciki tare da almakashi da tsani. Haisam ɗin shi ne kafilinsa, wato iƙamarsa, takardar zaman ƙasa, a hannunsa take. In ya sabunta, Rabo ya ƙara shekara a Madina. In ya ƙi, sai filin jirgi.

Rabo bai gina soro a Maraɗi ba, bai sayi gona ba, kuma bai taɓa rasa barci don haka ba. Burinsa ɗaya ne tak, ajali ya same shi a Madina a kai shi Baƙi'a. Duk ranar da ya fito daga Harami ya bi ta gefen maƙabartar, sai ya yi wa mutanen ciki sallama yadda aka koyar, sa'an nan ya ƙara nasa ƙasa-ƙasa: "Ku matsa mini kaɗan, ba ni da ƙiba."

A wajen aiki kuwa yana da ɗabi'a guda wadda ko bulala ba ta raba shi da ita. Duk ɗakin da ya shiga, kafin ya kwance kafet, sai ya fara neman alƙibla. A Madina abin ba wuya, ka ba dutsen Uhudu baya ka fuskanci kudu, ka gama. In ɗakin na salla ne, sai ya ja sahu, ya yanka, ya dasa zirin nan da ƙafafu ke jeruwa a kai, ya bi da gam irin wanda jikoki za su zo su tarar. Yakan ce kafet ɗin da bai san alƙibla ba, tsumma ne mai tsada.

A shekarar da nake ba da labarinta, kasuwa ta ja baya. Masu gidaje sun koma tayil, Haisam ya fara sallamar ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, iƙamar Rabo kuma tana dab da ƙarewa. Ran nan Haisam ya kira shi bayan kanta, ya ce masa da Larabci: "Ya Rabo, an ba mu aiki a Yanbu, jirgin ruwa ne na wani babban mutum. In aikin ya yi kyau, mu sabunta. In bai yi ba, halas, ka gaida mutanen Maraɗi."

Rabo ya ce to. Ruwa mafi girma da ya taɓa tsayawa kusa da shi shi ne gulbin garinsu da damina, shi ma daga kan gada.

Da ya isa Yanbu ya ga jirgin, sai ya cire hula ya mayar. Fari ne fat, hawa kan hawa, in aka ajiye shi a Ƙuba sai an rushe layi guda. An ƙera gangar jikinsa a ƙasar waje, aka kawo shi nan don a ƙarasa masa ciki. Mai kula da tsarin aikin wani injiniya ne baƙi, gajere, mai furfura a gemu, ana kiransa Muhandis Zakiru. Da ya ji Larabcin Rabo sai ya juya harshe.

"Malam, daga ina?"

"Maraɗi."

"Af, Bakatsine ne ashe. To ni Bakabe ne, daga Argungu. Sannu da zuwa, bawana. Cire takalmi, kada ka zubar mini da yashin garinku a jirgi."

Bakabe da Bakatsine abokan wasa ne tun kaka da kakanni, ba mai fushi da bakin wani. Rabo, da ya zo yana rawar jiki gaban digiri, nan take ya ji ƙafarsa ta taka ƙasa. Ya ce: "Allah mai iko. Jikan masunta ya bar gora da homa ya hau ƙarfe. Ina ka ɓoye ƙarnin kifin?"

"A ɗakin da zan kwantar da kai."

Zakiru ya zaga da shi jirgin, yana bayani yana zolaya. Mai jirgin wani dattijo ne ɗan Madina, Shaihu Abdulwahab, wanda ya yi arziki a fataucin dabino. 'Ya'yansa suna son jirgin da zai nausa can inda ba tasha ba gari, ya yi makonni bai nemi mai ko ruwan sha ba, su nutsa su kalli halittun ƙarƙashin teku. Tsohon kuwa ya ce shi ba ruwansa da kifi, yana son ya zauna a majalisa kamar yana gidansa, a zuba masa gahawa kada ta fantsama.

"Ka ga aikina ke nan," in ji Zakiru. "Raƙumi ake so in haɗa da gadon amarya. Duk taku ɗaya da na ba tankin mai, daga falo na sato shi. Na ba ƙaramin kwalekwalen masu nutso ɗaki, uwargidan Shaihu ta rasa rabin wurin shan iska, har yau ba ta amsa gaisuwata. Ƙarƙashin ruwa kuma na sa masa fikafikai biyu masu danne tangaɗi, saboda gahawar Shaihu kawai."

Daga nan ya buɗe wata ƙofa a tsakiyar jirgin, inda girgiza ta fi sauƙi. Ɗaki ne kewayayye kamar bukkar Fulani, bango na katako mai ƙamshi. Masallaci ne. Tsohon ya ce in babu shi, ko da sarƙa ba za a hau da shi ba. A gefe ga kafet a naɗe, kore shar, mai laushi kamar bayan mage, saƙar musamman daga ƙasar waje, guda ɗaya aka yi ba na biyu.

"Wannan shi ne na ƙarshe," in ji Zakiru. "Ka gama sauran ɗakuna tukuna."

Rabo ya gama sauran ɗakuna, aiki ya yi kyau har matuƙin jirgin yana tafiya da sanɗa. Ranar da ya zo kan masallaci, an kira Zakiru Jidda kan maganar wani inji. Rabo ya warware kafet, ya duba wannan gefe, ya duba wancan. Kore zalla, ba sahu, ba alama, ba ko ɗigo. Ya girgiza kai cike da tausayi. Masaƙan can ba Musulmi ba ne, ina za su sani? Bakabe kuma kansa ya cika da tanki da fikafikai, ya manta. Wannan fa ita ce ranar da gwanintar shekara ashirin za ta yi magana, Haisam ya ji labari ya sa hannu yana murmushi.

A jakarsa akwai ragowar ziri ruwan zinariya daga wani masallaci da ya yi a unguwar Bani Harisa, can Madina. Ya fito da kamfas ɗinsa, ya gwada, ya sake gwadawa da na waya don kada a samu kuskure. Ya ja igiya, ya sa wuƙa. Ya dasa sahu uku miƙaƙƙu kamar an ja da hasken rana, ya bi da gam ɗin nan nasa na jikoki. Da ya gama ya yi raka'a biyu a kai, ya ji daɗin duniya.

Washegari da hantsi ya dawo, ya lura tsanin hawa ya koma wani gefe, bai kawo komai a ransa ba. Ashe da sassafe an juya jirgin, gaba ya koma baya, don a ɗora kwalekwalen masu nutso. Ya shiga masallacinsa, ya daidaita yatsu a kan zirin zinariya, ya tayar da sallar walha. Yana sallamewa ya ga Zakiru a bakin ƙofa, riƙe da jakar tafiya, yana duban kafet, yana duban shi.

"Bakatsine," in ji Zakiru a hankali, "kai da kake zaune gari ɗaya da masallacin Ƙiblataini, inda aka juya alƙibla daga Ƙudus zuwa Makka, ba a gaya maka an daina kallon arewa ba?"

Rabo ya ciro kamfas. Allurar ta nuna masa ƙeyarsa. Ya girgiza shi, ya buga shi a tafin hannu, allura ta ce ita dai ba ta san wannan zance ba. A lokacin ne abin ya sauko masa, tun daga tsakar ka har gwiwoyin nan masu kanta. Gida ba ya juyawa. Masallaci ba ya juyawa. Shekara ashirin bai taɓa shimfiɗa a kan abin da ke da gaba yau, gobe ya mai da shi baya ba. Ba mantuwa aka yi ba, da gangan aka bar kafet ɗin ba sahu.

"Muhandis," ya ce, muryarsa ta koma ta ɗan akuya, "ba a ɗinke shi?"

Zakiru bai yi dariya ba, abin da ya fi ba Rabo tsoro ke nan. Ya durƙusa ya shafa yankan. "Ka yanka har ƙasa. Kuma ka iya yanka, Allah ya isa tsakanina da kai."

Kafin azahar labari ya kai Madina. Haisam ya bugo waya, ya yi Larabcin da ba a koyarwa a makaranta, ya rufe da kalma ɗaya wadda kowane baƙo a ƙasar nan ya sani: huruj, fita ba dawowa. Ya ce ranar Lahadi zai shigar da takardun.

Rabo ya koma Ƙuba daren Juma'a kamar kazar da aka tsamo daga rijiya. Washegari bayan an sauko daga masallaci ya bi ta gefen Baƙi'a, ya yi sallama, amma bai iya ƙara ɗan zancen nan nasa ba. Ya tsaya yana kallon tattabaru suna sauka suna tashi, ba mai tambayarsu iƙama.

A gida Hajo ba ta yi masa faɗa ba, wanda a wajenta alama ce ta babbar musiba. Ta dai ce: "Malam, da ka tambaya."

"Wa zan tambaya? Kifi?"

"Waya fa? Kullum tana kunnenka in hirar kokawa ce."

Ana cikin haka aka yi sallama. Zakiru ne, da farar jallabiya. Iyalinsa a Bani Harisa suke, duk ƙarshen mako yana gida. Ya ce ya zo ne ya ga bawansa kafin a sa shi a kwali, kuma ya ji ana cewa matan Maraɗi sun iya tuwo, yana so ya tabbatar ƙarya ce.

Hajo ta ce: "Shigo, Bakabe. Sai dai ka yi haƙuri, miyarmu ba kifi, nama muke ci mu nan."

Ta kawo babban tire, tuwon shinkafa da miyar kuɓewa, ta ajiye tsakaninsu. Naman ya taru a gefen Rabo. Kamar yadda kowace matar kirki take yi in da baƙo, ta sa yatsa biyu a bakin tiren ta murza shi, nama ya koma gaban Zakiru. Shi kuwa ya riga ya miƙa hannu, sai hannun ya tsaya a sama.

"Hajiya, sake juyawa."

"Naman ne bai ishe ka ba?"

"Juya dai."

Ta juya. Nama ya dawo gaban Rabo, tabarma tana inda take, ɗaki yana inda yake. Zakiru ya sa hannu da kansa ya murza tiren hagu, ya murza dama, har miya ta fara barazanar zuba. Rabo ya ce: "In ba za ka ci ba, ka bar wa masu baƙin ciki su ci."

"Rufe baki, bawa, ubangidanka yana tunani." Ya ɗago. "Ƙasan masallacin jirgin nan akwai rata tsakaninsa da ƙarfe, ta kai tsawon yatsa. In na sa faifai kewayayye a kan ƙananan ƙafafu, da maƙulli mai riƙe shi, kafet ya hau kai. Jirgi ya juya inda ya ga dama, mu murza faifai sahu ya koma alƙibla. Amma sai an ɗaga kafet ɗin nan lafiya, an yanke shi da'ira ba karkace. Gam ɗinka yana ɗaguwa?"

Rabo ya ce: "Ban taɓa sa shi don ya ɗagu ba."

"To yanzu za ka koya."

Abin da Zakiru ya yi bayan nan, Rabo bai gani da idonsa ba, daga baya ya ji. Ya kira Haisam ya ce ya dakata da takardu, in an rasa mai ɗaga gam ɗin nan to asarar a kan shagonsa za ta faɗa. Sa'an nan ya tafi gidan Shaihu Abdulwahab da ƙafarsa, ya faɗi abin da ya faru ba ƙari ba ragi, ya ce shi ma da laifinsa, ya bar mutumin tudu da wuƙa a hannu bai gaya masa jirgi ba gida ba ne. Tsohon ya saurara, ya ce ba zai ce komai ba sai ya gani a kan ruwa.

Rabo ya koma Yanbu ya durƙusa. Da na'urar hura zafi da siririyar wuƙa ya riƙa bin gam ɗinsa kaɗan-kaɗan, yana roƙonsa kamar mai bikon mata. Duk inda ya tuna ya ƙara shafawa don aiki ya yi ƙarko, nan ya fi shan wuya. Yatsunsa suka sale, bayansa ya ƙage. Maƙera suka kafa faifai, Rabo ya kafa ƙusa a tsakiyar kafet ya ɗaura igiya, ya ja da'ira, ya yi bisimilla ya yanka. Ya naɗe bakin da ɗinkin hannu irin na katifar Maraɗi. Da aka ɗora, tsakanin kafet da bango ko katin waya ba ya shiga.

Ranar gwaji Shaihu Abdulwahab ya zo, tsoho siriri da sanda, idanunsa sun yi hazo, ɗansa yana riƙe da hannunsa. Haisam ma ya zo, fuska kamar an aiko masa da sammaci. Jirgi ya bar tasha ya nausa. Fikafikan Zakiru suka yi aikinsu, gahawar Shaihu ko motsi ba ta yi ba. Cikin Rabo ne dai ba a sa wa fikafikai ba. Tun ana ganin gari ya rungumi bokiti, Zakiru yana wucewa yana cewa: "A hankali, bawana, kada ka ba kifayenmu tuwo su saba."

La'asar ta yi, jirgi yana tsakiyar ruwa, ba gabas ba yamma sai shuɗi. Aka taru a masallaci. Matuƙi ya daidaita jirgin ya riƙe shi a hanya ɗaya, wata 'yar fitila a bango ta nuna inda Makka take. Zakiru ya taka maƙulli, ya dubi Rabo. Rabo ya ajiye bokiti, ya durƙusa a kan gwiwoyin da suka san aikinsu, ya sa tafin hannu ya tura. Faifai ya tafi sumul kamar tiren Hajo, zirin zinariya ya zagayo ya tsaya daidai, maƙulli ya ce ƙyas.

Tsohon ya saki hannun ɗansa. Ya tako a hankali yana laluben ƙasa da ƙafa, har yatsunsa suka ji tudun zirin. Ya jera ƙafafunsa a kai, ya gyara tsayuwa, ba wanda ya kama kafaɗarsa ya juya shi. Aka yi salla.

Bayan an sallame ya ce a kawo masa mai wuƙar. Rabo ya matso, fuska ta yi fari-fari.

"Kai ne ka yanka mini kafet ba izini?"

"Ni ne, ya Shaihu."

"Kada ka ƙara yi wa wani. Ba kowa ne zai samu muhandis irin wannan ya tsaya masa ba." Ya shafa zirin da tafin ƙafa. "Tun da idona ya tafi, in ba a gidana ba, sai an juya ni kamar buhu kafin in yi salla. Yau ƙafata ta gane da kanta." Ya juya inda yake jin numfashin Haisam. "Ina da wurin hutawa a gonar dabino, ɗakin sallarsa yana son shimfiɗa. Wannan za ka aiko mini. Shi ɗakin can ba ya juyawa, ya yanka yadda yake so."

Haisam ya ce ai dama Rabo tsohon hannu ne, tun zamanin mahaifinsa, ba ya rabuwa da shi. Rabo ya buɗe baki zai yi godiya, teku ta riga shi, ya ruga wajen bokiti.

Cikin makon aka sabunta iƙama. Shekara ɗaya ce, ba ta fi haka ba, amma Rabo ya ce ai ran ma ba a ba shi takardar shekara biyu ba. Ya sayi dabino ajwa mai kyau ya kai Bani Harisa. Ya zauna a falon Zakiru ya fara jero godiya, idanu suka kawo ruwa. Zakiru ya katse shi.

"Dakata, kada ka jiƙa mini kujera. In na bari aka kore ka, wa zan riƙa zagi a ƙasar nan? Larabawa ba su san wasa ba, ka ce wa mutum bawa ya kai ka ƙara."

"Allah dai ya saka, ya jiƙan mahaifa."

"Amin. Ka ce wa Hajiya tiren nan nawa ne, na saya."

Hajo ta aiko masa da amsa cewa tire ba na sayarwa ba ne, amma duk Juma'a yana iya zuwa ya murza. Yana kuwa zuwa.

Jirgin yanzu an ce yana can yana yawo, wani lokaci inda ruwa ke da ɗumi, wani lokaci inda ƙanƙara ke iyo, sahun Rabo yana bin Makka duk inda aka nufa. Shi kuwa bai ƙara taka ko kwalekwale ba. Yana nan Ƙuba yana rarrafensa. Sai dai ɗabi'ar tasa ta samu ƙanwa: in ya shiga ɗaki, kafin ya ciro kamfas, sai ya buga ƙafa a ƙasa, ya dubi mai gida ya ce, "Gidan nan yana tafiya wani wuri?" Masu gida sukan ɗauka zafin rana ne ya taɓa shi.

Juma'ar da ta biyo bayan sabuntawar, ya fito daga Harami ya bi ta gefen Baƙi'a, sabuwar iƙama a aljihun gaba. Ya yi sallama yadda aka koyar, ya waiga ya ga ba mai jin sa, ya sunkuyar da kai.

"Na dawo. Wurin nan da na ce, ku dai riƙe mini."